Shekara Guda Bayan Mun Haɗa Na'urorin Ɗakin Taronmu a Kan Layi Ɗaya

Ni ne mai kula da wani ɗakin taro a Kano, wanda ake haya don walimar aure, taron ƙungiyoyi da saukar karatu. Kafin bara, kowane abu a ginin yana da tasa wayar daban: kyamarorin tsaro da tasu, lasifikoki da tasu, intanet na ofis kuma da tasa, har ya kai idan aka ɗaga silin sai a tarar da wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo. Duk ranar da wani abu ya lalace sai mun kira masu gyara uku, kowanne yana ɗora laifin a kan aikin ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa muka ba wani kamfani kwangilar haɗa komai a kan tsari guda.

Abin da suka yi shi ne jan kebul na intanet mai suna Cat6 daga kowace na'ura zuwa wani ƙaramin ɗaki a bayan ofis, inda aka kafa akwatin ƙarfe mai ɗauke da na'urar rarraba layi. Abin da ya fi burge ni shi ne fasahar PoE, wadda take sa kebul ɗaya ya kai wa na'ura bayanai da wutar lantarki a lokaci guda. A aikace, kyamarar da ke kan katanga ba ta buƙatar soket a kusa da ita, kuma inbata ɗaya da batiranta a wancan ɗakin sun isa su riƙe ginin gaba ɗaya. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar biki, kafin maigadi ya tayar da janareto, kyamarori da makullan ƙofa da intanet ba sa ko ƙiftawa. Wanda ya san halin wutarmu ya san darajar wannan.

Ɗakin maigadi ya wuce nisan mita 100 da kebul na jan ƙarfe yake iya ɗauka, saboda haka aka ja masa faiba, wato wayar zaren gilashi mai kai bayanai ta hanyar haske, wadda ba ta ɗaukar lantarki, ba kuma za ta jawo tsawa cikin ofis ba idan damina ta kankama.

Inda aikin ya fara nuna rauni shi ne Wi-Fi na babban zaure. Ranar da aka miƙa mana aiki an gwada shi ne zauren ba kowa, kujeru a jere, kuma ko'ina mutum ya tsaya sabis a cike yake. Daren babban bikin farko kuwa, da ƙawayen amarya suka cika gaban dandamali, kowacce ta ɗaga waya tana son watsa shigowar amarya kai tsaye, sai komai ya tsaya cak, har na'urar POS ta mai sayar da lemo ta ƙi karɓar kuɗi, ina tsaye a gefensa yana ta sake tura kati. Daga baya injiniyan ya bayyana mini dalili: jikin ɗan'adam yawancinsa ruwa ne, yana shanye siginar, sannan zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan da siginar Wi-Fi take bi, hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa shiga juna, wato 1, 6 da 11, shi ya sa cunkoso yake saurin kashe shi. Sun dawo sun ƙara yawan na'urorin watsa Wi-Fi samfurin Wi-Fi 6 a silin, suka rage ƙarfin kowacce don kada su riƙa danne juna, suka karkatar da yawancin wayoyi zuwa zangon 5 GHz, suka kuma ware wa baƙi hanyarsu daban da ta kyamarori da POS. Tun daga lokacin ban sake ganin irin wancan daren ba, amma ina ganin wannan lissafi ne da ya kamata a yi shi tun kafin a huda bango.

Akwai abin da har yanzu yake ɓata mini rai. Kyamarori biyu na can ƙarshen gini sun riƙa mutuwa suna dawowa, musamman da dare lokacin da fitilunsu na ganin duhu suke kunnuwa. Da aka yanko guntun kebul ɗin aka kankare shi da reza a gabana, sai jan launin ya tafi, farin ƙarfe ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, wanda ba ya kai wuta nesa yadda ya kamata kuma yana saurin karyewa. An sauya shi ba tare da mun ƙara ko kwabo ba, sai dai an sake buɗe silin da aka riga aka yi wa fenti.

Babban abin tsoro a wannan tsari shi ne komai ya rataya a kan ƙaramin ɗaki guda. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, na'urar rarraba layin ta yi zafi ta kashe kanta da rana tsaka, kuma a take muka rasa kyamarori da intanet da na'urar buɗe ƙofa baki ɗaya. Da muka buɗe akwatin, ƙurar hunturu ce ta toshe fankokinsa, ta yi kauri har ana ɗebe ta da yatsa. Yanzu ɗakin yana da na'urar sanyaya iska tasa, ana kuma hure ƙurar duk wata.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, domin kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin dala. Duk da haka, idan muka gina zaure na biyu wannan tsarin zan sake zaɓa, amma sai an rubuta a yarjejeniya cewa za a gwada Wi-Fi a ranar da zaure ya cika, za a kankare kebul a gabana kafin a ja shi, sannan a miƙa mini taswirar wayoyin da kalmomin sirri kafin in biya kason ƙarshe.