Gasar Kwangila a Buɗe ko Neman Farashi: Wanne Ya Fi Wa Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Abuja?

Hukumar Babban Birnin Tarayya tana sayayya ne bisa Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007, kuma hanyoyi biyu daga cikinta suka fi shafar kafintan da ke ƙera bencin makaranta a unguwar Kugbo da ke Abuja.

A gasa ta buɗe, dole a tallata aikin a jaridun ƙasa aƙalla biyu, sannan a buɗe ambulan tayin kowane ɗan kwangila a bainar jama'a, a karanta farashinsa. Wannan adalci ne, amma yana da tsada, domin kafin kafintan ya haɗa rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), da shaidar biyan harajin shekara uku, da takardar PenCom (hukumar fansho ta ƙasa) idan ta shafe shi, sau da yawa wa'adi ya cika, manyan kamfanoni masu ma'aikatan takardu sun riga shi.

Neman farashi kuwa na ƙananan sayayya ne. Ana tuntuɓar 'yan kasuwa uku ko fiye waɗanda ba su da alaƙa da juna, kowa ya ba da farashi sau ɗaya, babu ciniki, a ɗauki mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. A ganina nan ya kamata mai ƙaramin jari ya fara, sai dai abin da ke damuna shi ne jami'i ne ke zaɓen waɗanda za a tuntuɓa, kuma wanda ofis bai san da zamansa ba, ba za a kira shi ba.