Hattara da mai sayar da sikelin da aka canja wa sitika

Jama'a dan Allah duk mai shirin sayen babban sikeli na sito ko masana'anta ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da yake tallar sikeli a intanet wai sababbi dal, a wajensa na sayi irin wanda ake girkewa a ƙasa, wanda ya ce yana ɗaukar tan 3. Ranar da ya kawo ya ɗora ƙarfen gwaji mai kilo 20 a tsakiya, allo ya nuna 20 cif, na biya shi ya kama gabansa.

Ko wata biyu ba a rufa ba sikeli ya fara rikici. A sauke kaya ya ƙi komawa sifili, kaya ɗaya ka auna sau uku ya ba ka lamba uku, ga kwastomomi sun fara yi mana kallon masu tauye awo, wallahi wannan ya fi asarar kuɗin yi min ciwo. Na kira shi, waya a kashe. Garantin shekara ɗaya da ya rubuta a rasit ko adireshi babu.

Da mai gyara ya zo muka ɗaga farantin da ake ɗora kaya a kai, nan na ga ta'asa. Ƙarafan nan huɗu masu jin nauyi da ake kira lod sel, kowanne kilo 500 ne a rubuce a jikinsa, ɗaya ma an yi ƙoƙarin kankare rubutun. Ka haɗa su duka tan 2 ke nan, kuma nauyin farantin kansa a kansu yake zaune, to ina tan 3 ɗin? Wayoyi an ɗaɗɗaure da salatif, akwatin haɗa su duk tsatsa an bi da sabon fenti. Ashe tsohon ƙaramin sikeli ne ya liƙa masa sitika ya shiga saitin allo ya ɗaga lambar, don shi allo abin da aka saita masa yake faɗa. Lod sel kuwa in nauyi ya fi ƙarfinsa ya lanƙwashe shi, ba ya dawowa, sai canji.

Saboda haka kar kilo 20 ya ruɗe ku. Ku sa a ɗaga farantin ku karanta jikin lod sel da idonku. A gwada da nauyi mai yawa kusa da abin da za ku riƙa aunawa, sannan a ɗora abu ɗaya a kowace kusurwa bi da bi, dole lambar ta zo ɗaya ko dab da haka. In wurinku akwai ruwa ku nemi mai IP67 ko IP68, wato alamar da ke nuna yana jure ruwa da ƙura.

Ko mai kyau kuka samu, kar a riƙa jefa masa kaya daga sama, kar a yi walda a jikinsa don wutar tana ƙona lod sel, a share ƙarƙashinsa, a kare wayar daga ɓera.

Jiya na sake ganin tallarsa, ya canja suna da lambar waya amma hotunan nan ne dai, sikeli mai shuɗin fenti da tabon walda a kusurwar hagu.