Tsaga ƙirji ko bi ta cinya, wanne ya fi ma tsoho?

Hajiya da kika tambaya kan Baba mai shekara 78 da aka ce bawul ɗin zuciyarshi ya tsuke, wani likita ya ce a tsaga ƙirji wani ya ce akwai wanda ake bi ta cinya, Allah ya ba shi lafiya. Aikin ba biyu ba ne fa, uku ne, kuma mutane na yawan cakuɗa na biyu da na uku.

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, a raba ƙashin ƙirji daga sama har ƙasa, a tsayar da zuciya, inji ya riƙe aikin zuciya da huhu har a cire lalataccen bawul a ɗinka sabo. Daɗaɗɗen aiki ne, ko a ƙasar nan tun 1974 aka fara yin shi a asibitin koyarwa na Inugu. Likita na ganin komai da idonshi, in akwai jijiyar da ta toshe ko wani bawul ɗin shi ma ya lalace sai a haɗa a gyara gaba ɗaya. Amma kwanciyar asibiti wajen sati guda ce, ƙashin kuma sai ya yi sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, ba ɗaukar kaya, ko tari sai ya rungume filo, to ki auna wannan a jikin dattijon da dama tafiya masallacin unguwa ke ba shi haki.

Na biyu ƙaramar tsaga ce, ko a buɗe rabin ƙashin daga sama ko a bi ta tsakanin haƙarƙari ta dama. Jini bai cika zuba da yawa ba, ana saurin miƙewa, amma kar ƙanƙantar ɗinkin ta ruɗe ki, shi ma sai an sa mutum barci an ɗora shi kan injin nan an tsayar da zuciya.

Na ukun shi ne na cinya, TAVI suke ce mashi. Wani likita Alain Cribier ya fara yin shi a birnin Rouen na Faransa a 2002. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar jinin matsematsi har zuciya, sabon bawul na naɗe a ciki, in an kai wurin sai a buɗe shi cikin tsohon ya danne shi gefe, zuciya na bugawa abinta ba a tsayar da ita ba, sau da yawa ma ba a sa cikakken barci, kwana biyu uku an sallami mutum. Shi ma da nashi, waɗanda aka yi ma shi sun fi buƙatar a sa masu batirin zuciya daga baya, wani lokacin jini na ɗan yoyo ta gefen bawul ɗin. Shanyewar ɓarin jiki kuwa kowanne daga cikin ukun na iya jawo ta. Ga tsada, shi ya sa za ki ji ana ta zancen Indiya da Masar.

Ni dai a ganina ga mai 78, in dai bawul ɗin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ne ya tsuke saboda tsufa, kuma siti sikan ya nuna jijiyoyin cinyar za su ɗauki bututun, na cinyar ya fi. Ƙa'idar likitocin Amurka ta 2020 ma cewa ta yi wanda ya haura 80 a yi mashi TAVI, ƙasa da 65 a tsaga, na tsakani a zauna a duba ƙarfin jikinshi, ƙoda, suga, huhu. Amma ki fara duba takardar eko, wato hoton zuciyar da aka ɗauka, ki ga wane bawul ne, don a nan wajenmu da yawa lalacewar daga ciwon maƙogwaro ce tun yarinta, wadda ta fi kama wani bawul daban, wannan kuma TAVI ba aikinshi ba ne.

Sai batun irin bawul ɗin. Na ƙarfe ba ya tsufa amma shan warfarin ne, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rai da gwajin jini akai-akai, ga tsoho in ya faɗi jini bai tsayawa da wuri. Na nama yana kai shekara 10 zuwa 15, shi aka fi sa ma dattijai, kuma duk na TAVI na nama ne. Wani daga saniya ake yi wani daga alade, a cikin na TAVI mai suna Sapien na saniya ne mai suna Evolut na alade, na san Baba sai ya tambaya, gara ku tambayi likita tun kafin a biya kuɗi.

Kuma kar a ce a bari sai bayan salla ko bayan biki. In har ya fara jiri ko suma ko ciwon ƙirji, babu ƙwayar da ke buɗe bawul ɗin da ya tsuke. Kafin nan ku kai shi a duba mashi haƙora, ruɓaɓɓen haƙori na iya tura ƙwayar cuta ta kama sabon bawul, kowanne aka zaɓa sai sun nemi a gyara wannan tukuna.