Kwas ɗin Jamusanci na lafiya da motsa jiki: kalma ɗaya ta ja min asarar sati uku

Jama'a tunda an dame ni da tambaya a kan kwas ɗin nan na onlayin da ake ta talla, na Jamusancin asibiti da motsa jiki, bari in faɗi abin da na gani kowa ya huta. Ba sai na kama suna ba, duk wanda ke fafutukar B1, wato matakin tsakiya na jarabawar Jamusanci, a nan Hamburg ya san su, ya kuma san nawa suke karɓa. Na wata uku na biya.

Farkon abin wallahi ya min daɗi. Na zo Jamus da A2 ɗina, matakin da ke ƙasa da B1, da na ci a Legas ina ta ji da kai, ranar da na fara shiga wajen likita na gane ashe Jamusancin sayen tumatir da tambayar tashar jirgi kawai na iya. Kwas ɗin ya gyara min wannan, sassan jiki duk sun zauna, der Kopf, der Bauch, das Knie, na iya cewa "mir tut der Rücken weh" idan baya ya riƙe. Kuma malamar ce ta raba ni da wani abin kunya, in zuciyata tana tashi sai in ce "ich bin schlecht", ashe "mir ist schlecht" ake cewa, wancan ɗin ma'anarsa ni mutumin banza ne. Ku duba fa, wata da watanni ina sanar da ogana a wajen aiki cewa ni mutumin banza ne shi kuma yana gyaɗa kai. A lokacin da an tambaye ni tauraro huɗu zan ba su ba ciniki.

To ga inda aka ɓata. Jiri ya dame ni, na je wajen Hausarzt ɗina, wato likitan unguwa da kake fara zuwa wajensa kafin ko'ina, ya ce sai an ɗebi jini a duba suga da kitse. Matar da ke teburin karɓar mutane ta rubuta min Termin, wato rana da lokacin da zan dawo, ta ce "Dienstag um halb acht, bitte nüchtern." Halb acht na san bakwai da rabi ne ba takwas da rabi ba, wannan kam a kwas ɗin na koya, ba zan ci haƙƙinsu ba. Amma nüchtern ban taɓa jin ta ba. Ina fita na duba a waya, sai fassarar ta nuna min wai wanda bai sha giya ba, wanda ba a buge yake ba. Raina ya ɓaci sosai. Ni da ko layin giya a kanti ba na bi, wannan baiwar Allah ta kalle ni ta ga na yi kama da mashayi? Har na isa gida ina ta saƙa da warwara, ina cewa don ta ga baƙar fata ne.

Ranar Talata bayan sallar asuba na zauna na yi karin kumallo na gaske, shayi mai kauri da madara da suga cokali uku, biredi, ƙwai biyu, saboda mu dai tun muna yara an ce ba a ba da jini da yunwa kada mutum ya faɗi. Bakwai da minti ashirin ina wurin. Nas ta zaunar da ni ta ɗaura min robar nan a dantse, har ta goge wurin da auduga, sai ta ce "Sind Sie nüchtern?" Na ɗaga kai cike da gadara na ce mata "Ja, ich bin Muslim, ich trinke keinen Alkohol," wato e, ni Musulmi ne, ba na shan giya. Ta tsaya da allura a hannu tana kallona. Can ta ce to yau na ci wani abu? Ni kuma ga ɗalibi mai ƙwazo, na jero mata su da Jamusanci tsaf, Tee, Milch, Zucker, Brot, zwei Eier. Ba ta ce komai ba, ta dai kwance robar a hankali ta mayar da allurar. Sannan ta min bayani kamar tana magana da ɗan firamare, cewa a asibiti nüchtern na nufin ka zo ba ka ci komai ba, awa 8 zuwa 12, ruwa kawai aka yarda. Sabon Termin sai bayan sati uku, ga rabin yini na aiki da na riga na ɗauka ya tafi a banza, ga jirin yana nan.

Da na ba Alhaji labari, wani dattijonmu ɗan zangon Kumasi da ya fi shekara talatin a garin nan, dariya ya yi har da tari. Ya ce "Yaro, ai azumi ta ce ka yi, kai kuma ka je mata da wa'azi." Na ce Alhaji a rufa min asiri, ya ce ai sai masallaci ya ji.

Da daddare na koma na bi darussan ɗaya bayan ɗaya ina neman kalmar nan, ko ni ne na tsallake. Babu ita. Amma akwai darasi guda a kan yoga, wani a kan haɗa lemon ganye da ƙirga kalori, wani a kan yawon hawan dutse ranar Lahadi. Wa ya aike su? Mutumin da ya zo neman na tuwo, abin da yake buƙata shi ne Überweisung, takardar da likita ke ba ka ka kai wa ƙwararre. Yana buƙatar sanin Krankschreibung, shaidar rashin lafiya daga likita, don in ciwo ya wuce kwana uku dole likita ya shaida wa wajen aiki, wasu ma tun ranar farko suke nema. Yana buƙatar a gaya masa 116117 ake kira in ciwo ya tashi da dare ko ƙarshen mako alhali bai kai na 112, lambar gaggawa, ba. Duk waɗannan a bakin Alhaji na ji su, kyauta, muna shan shayi.

Ɓangaren motsa jikin dai ba laifi, kar in yi ƙarya. Na koyi aufwärmen da dehnen, wato ɗumama jiki da miƙe gaɓoɓi, na koyi Muskelkater, tsamin jikin nan da ke kama ka washegari in ka ɗaga ƙarfe, kuma yanzu in mai horarwa ya ce "noch zehn" na san saura goma ne, ba na ajiyewa in tafi. Malamar ma tana da haƙuri, tana maimaitawa ba ta ƙosawa. Saboda ita kaɗai na so in bar musu tauraro uku.

Sai dai da na tura musu ƙorafi a kan nüchtern, kwana biyar shiru, daga baya suka amsa min wai irin waɗannan kalmomin suna cikin kwas na gaba, in ƙara kuɗi in shiga. Ban ma gama hucewa ba na ga sun zare min kuɗin wata na huɗu daga asusu, wai ban aika Kündigung, wato sanarwar soke rajista, a kan lokaci ba, ita ma kalma ce da ba su koya min ba. Tauraro biyu zan ba su, ɗaya ma na malamar ne.

Jinin dai an ɗiba a karo na biyu, na je da cikina wayam, nas ɗin tana ganina ta fara murmushi tun daga ƙofa. Kuɗin wata na huɗun kuma har yau ina bin su.