Na je sayen injin yankan itace a Jamus

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi a nan Jamus a 2022 mutane da yawa suka koma murhun itace lokacin sanyi, gidan da muke haya ma akwai shi, shi ne na ce bari in mallaki injin kaina in huta da sayen faskare. Ni dai 070 ne a raina, ƙaton Stihl ɗin nan da masu yanka katako ke ji da shi a dazukan Taraba, tunda kamfanin ma ga shi nan kusa da mu a Waiblingen gefen Stuttgart.

Mai shagon wani dattijo ne, maimakon ya ɗauko kaya sai ya hau yi min tambayoyi, kaurin itacen da zan yanka, sau nawa a shekara, na taɓa riƙe inji ko ban taɓa ba. Ya ce inji mai cc sama da 100 irin 070 ɗin ba na faskaren gida ba ne, bayana kawai zai ci, ya ɗauko wani Stihl MS 261 mai cc 50 da wani Husqvarna na Suwidin sa'ansa ya ce in ɗaga kowanne in ji wanda ya zauna min a hannu. Wallahi mai kaya da kansa yana hana ka sayen mai tsada! Da a gida ne ai tuni an ce Alhaji babban shi ne daidai da kai.

Da na zaɓi Stihl ɗin sai na ce to ya ɗan taɓa min kafireto ya ƙara masa wuta, nan fa ya ce wannan ba shi da sukurorin saita kafireton ma sam, M-Tronic ne, na'ura ce a ciki take auna man da kanta, na Husqvarna kuma AutoTune suke ce masa. Bai bar ni haka ba, ya ja ni baya wajen gyara ya ɗauko tsohon inji ya nuna min sukurorin guda uku, L na ƙaramar wuta, H na cikakkiyar wuta, LA na silo. Ya ce in ka ɗaure H fetur ne ka rage, injin zai yi ta ihu kana jin daɗi ka ɗauka ƙarfi ne, alhali man da ke shafa fistin a cikin fetur ɗin yake gauraye, ka rage wannan ka rage wancan, zafi ya hau fistin ya goge silinda shi ke nan. Ya miƙo min wani fistin da ya ƙone gefe guda duk ya kakkarce. Daidai ɗin shi ne ka wanke matatar iska, inji ya yi ɗumi, in ka ba shi wuta a sama ka ji yana ɗan gurgura, da sarƙa ta shiga itace muryar ta washe, kuma shi ko da kunnensa ya saba sai ya sa na'urar auna juyin inji. Ya ƙara da cewa yawancin masu kukan ba ƙarfi sarƙarsu ce ta dakushe, in ka ga gari na fita maimakon ɓarɓashi to wasawa take so.

Ina tsaye ina tuna yadda muke kashe injuna a gida raina na ɓaci. Baƙin man da aka juye daga mota shi ake tuttulawa a fetur da ido, alhali ma'auninsa 50 da 1 ne, wato mililita 100 na man tu-siturok a lita 5, a matse H har inji ya yi kuka, gobe ya buga a ce jabu aka sayar mana. Ga yaro da silifas yana yanka, sarƙa na gudu dab da ƙafarsa, ogansa ko a jikinsa.

Amma nan ɗin ma akwai ciwon kai fa. Kafin su bar ka ka yanka a dajin hukuma sai ka yi kwas ka karɓi takarda, ka sayi wandon da ke tsayar da sarƙa da hular kwano da takalmi, ran Lahadi kuwa ba ka isa ka tada inji a unguwa ba doka ta hana, kuma ranar ce nake da hutu. In ya samu matsala sai an ba ka rana, kuɗin aiki da awa ake lissafawa, sannan sau da yawa ba gyara ba ne canji ne. A nan nake kewar bakanikenmu na ƙarƙashin bishiya da zai warware kafireto ya wanke da fetur ya hura ya mayar kana tsaye kuna hira, mutanen nan suna da hannu wallahi, kayan awo ne da haƙuri suka yi mana ƙaranci.

Ƙanena ya dame ni in aiko masa da irin nawa, na ce a'a, in na'urar ta rikice sai an jona ta da kwamfuta kuma wa zai yi masa a garinmu. Mai sukurori zan nema masa, in haɗa da na'urar auna juyi da kwalbar awon mai, kuma na gaya masa kar ya bar kowa ya taɓa H ɗin nan da kunne kawai.