Kibiyar da ba ta da inuwa: yadda motocin Jamus ke zana hanya a gilashi

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni ko da gaske ne akwai motocin da ke zana wa direba hanya a gilashin gaba, ko kuwa zuƙi ta malle ce irin ta masu talla. Da gaske ne. Aikina na kai motocin haya daga gari zuwa gari a nan Jamus ya sa na riƙe sitiyarin iri-iri, to ga abin da idona ya gane mini.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1988 kamfanin General Motors ya saka lambar gudu a gilashin Oldsmobile a Amurka. Abin da ya canja shi ne yanzu hoton yana so ya zauna a kan titin kansa: kibiya ta kwanta daidai kwanar da za ka sha, layi ya bayyana ƙarƙashin motar da ke gabanka. Mercedes S-Class ta 2020 tana jefa hoton kamar yana nisan mita 10 gaban direba, girmansa kamar allo mai inci 77, kuma majigin da ke cikin dashbod yana da 'yan ƙananan madubai miliyan 1.3. Volkswagen ID.4 da Audi Q4 e-tron sun raba nasu gida biyu: lambar gudu a kusa, wajen mita 3, kibiyoyi kuma can mita 10. Na fi son wannan rabon, don ido ba ya wahalar neman abu.

Sai dai girman hoto ba shi ne ke raba gardama ba, haske ne. Gilashi yana iya ƙara haske a kan abin da kake gani, amma ba ya iya rage shi. Wato ba zai taɓa zana baƙi ba. Duk abin da ke kan titi yana da inuwa, mota da mutum da turken fitila, kuma da inuwar nan ido ke gane cewa abu ya taɓa ƙasa. Kibiyar gilashi ba ta da ita. Komai kyanta sai ka gan ta tana lilo a iska, ba ta jin rana ta fito ta dama ko ta hagu. A kan sabuwar kwalta baƙa wuluk tana fita fes. A bayan farar babbar mota kuwa, ko a kan dusar ƙanƙara, sai ta dushe kamar an kunna majigi a farar katanga da tsakar rana. Shi ya sa wasu motocin ke da zaɓin canja launin rubutun idan ƙanƙara ta sauka.

Ka duba tazarar da na'urar ke fama da ita. Rana tsaka haske yana kaiwa luks 100,000 (luks shi ne ma'aunin ƙarfin haske), daren farin wata kuma bai kai luks 1 ba. Dole hoton ya yi ƙarfin ƙure rana, sannan da dare ya sauko sosai kada ya kashe maka ido. Wurin gwajin gaskiya shi ne bakin hanyar ƙarƙashin dutse. Mota mai kyau kafin ka ankara ta rage haske, ta kuma mayar da shi da zarar ka fito. Akwai wadda na tuƙa, ba zan kama suna ba, sai na yi nisa cikin duhu tana dalle ni kafin ta farga.

Wasu sun kauce wa matsalar. Tun 2018 Mercedes A-Class ke ɗaukar hoton titi da kamara, ta nuna shi a allon tsakiya, ta ɗora shuɗiyar kibiya da lambobin gidaje a kai. A can kwamfuta ce ke mulkin kowane ɗigo, don haka ana iya sa duhu inda ake so. Amma fa sai ka ɗauke ido daga hanya, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu tun farko. BMW kuma a sabuwar iX3 ta 2025 ta shafa baƙin fenti a gindin gilashin daga wannan gefe zuwa wancan, tana haska bayanai a kansa. Rubutu na fita raɗau, sai dai ba a kan titi yake ba.

Abu biyu da dillali ba ya saurin faɗi. Tabarau irin mai kashe ƙyallin ruwa da kwalta yana shanye hoton kusan gaba ɗaya, domin hasken da gilashi ke dawo maka da shi irin wanda tabarau ɗin ke tarewa ne. Sannan gilashin kansa na musamman ne: robar da ke tsakanin ɓarinsa biyu ta fi kauri a sama, don kada hoto ya zama biyu. Idan dutse ya fasa shi aka sa na gama-gari, kibiya biyu za ka riƙa gani, ɗaya na bin ɗaya. Masu gyaran gilashi a nan sukan duba lambar motar kafin su yi oda, sannan su sake saita kamarar da ke bayan madubi kafin su ba ka makulli.

A gaishe da mutanen gida. Naka ƙane.