Mai gyaran waya ya ɗinke mani fiffiken jirgina a Maradi

Mu masu jirgin wasa na batir da telekomand ba mu da yawa a Maradi, shi ya sa in abu ya lalace sai ka rasa inda za ka kai shi. To akwai wani saurayi mai gyaran waya da rediyo can bayan babbar kasuwa, na kai mashi nawa kuma gaskiya hannunshi na da kyau, amma akwai magana.

Jirgin na soso ne irin EPO, batir ɗinshi kuma irin na lithium ne da ake ce ma LiPo. Iskar hunturu ce ta kwashe shi wajen gulbi ta maka da icen bedi, fiffiken dama ya karye kusa da gindi, sandan karbon na ciki ya tsage, bakin gaba kuma ya lotse.

Abin da ya burge ni bai yi gaggawar ɗauko kola ba, sai da ya ɓalli ɗan guntun soson ya ɗiga ma supa gulu ya gani tukun. Ya ce babban yaya akwai farin soso irin wanda ake naɗo firij da tele a ciki, shi supa gulu cinye shi yake ya bar rami, naka wanga yana ɗauka. Inda ya lotse kuwa ruwan zafi kawai ya zuba a hankali soson ya kumburo ya koma kusan yadda yake, wallahi na ɗauka sai an yanke wurin an yi ciko. Karayar kuma ya tsaga 'yar hanya da reza ya kwantar da tsinken tsire biyu na gora gefen sandan, ya sa kola mai haɗi biyu ɗin nan kaɗan kaɗan don tana da nauyi, ya danne kan tebur da littattafai kar fiffiken ya murɗe, da ta bushe ya bi da sikoci mai zare sama da ƙasa. Na ce mi ya hana kolar bindiga tunda ta fi sauri, ya yi dariya ya ce a zafin Afrilu da ke wuce 40 ka bar jirgi cikin mota ta saki, sai kana sama fiffike ya yi nashi wuri. Nan na yarda da shi.

Bayan haka gefen da anka gyara ya rinjayi ɗayan, sai ya liƙa kwandalar dala biyu a ƙarshen na hagu, munka ɗora jirgin kan yatsu wajen kashi ɗaya cikin ukku na faɗin fiffike daga bakinshi na gaba ya zamna daidai. Da na tashe shi tirim, wato maɓallin daidaita tafiyar jirgi na telekomand, kaɗan na taɓa, ba ya jirkicewa.

Inda nake da ƙorafi, gobe gobe ta yi yawa, yau an ɗauke kuran gobe wayoyin mutane sun taru, kuma ai su ne abincinshi ban ga laifinshi sosai ba. Kayan canji babu, ƙaramin sarbo ɗin nan na giram 9, wato ɗan injin da ke motsa sassan tuƙin jirgi, haƙorinshi ya ci sai da na sa ɗan uwa ya taho mani da shi daga Kano. Sannan shi ba matuƙi ba ne, da ya maida wayoyi elaron ɗin, wato faifan bayan fiffike mai karkata jirgi, ya koma baibai, in ka ja dama sai na hagu ya tashi, Allah ya sa a ƙasa na duba. Batir ɗinka kuma kar ka bar mashi, shagon kwano ne rana na dukanshi, LiPo kumbura yake da zafi har ya kama wuta.

Jaka huɗu ya amsa har da kola, ban ga tsada ba in ka lissafa kuɗin sabon fiffike daga Sin da jiran zuwanshi. In za ka kai mashi ka tattara duk guntayen soson da sunka zube a leda, ko ƙanana ne yana maida su wurinsu.